Yaƙi a cikin gwangwanin mas-set: masu firinta ku zo ku ba da shawara

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga hoton abin da na ce zan nuna muku, wasan yaƙi na takarda da na haɗa. Taswira ce a takardar A4 guda ɗaya, an raba ta gida-gida, kowane gida kusurwa shida kamar saƙar zuma. Ƙananan kwalayen da kuke gani su ne rundunoni, ja na Gobir, kore na jama'ar Shehu. Yaƙin Tabkin Kwatto ne, watan Yunin 1804. Kowane kwali akwai lamba biyu a jikinsa, ta hagu ƙarfin faɗa, ta dama yawan gidajen da zai iya takawa idan juyinsa ya zo. Taswirar a ninke, da rundunonin, da ƙwayar ludo, da takardar dokoki, duk sun shige tsohon gwangwanin mas-set na ƙanwata. Da firintar gida na buga. Damuwata biyu ce: kwalin yana lanƙwashewa in na shafa gam, sannan ana kunna fanka rundunar Yunfa Sarkin Gobir ke tashi sama. Masu sana'a ku taimaka.

Mai Fotokofi Dandima: Wa alaikumus salam. Wane gam, wane kwali?

Ɗan Mabera: Farin gam na kafintoci. Kwalin taliya ne na yanka.

Mai Fotokofi Dandima: To duka biyun ne ke ba ka wahala. Farin gam ruwa ne a cikinsa. Takarda na shan ruwa ta buɗe, in ta bushe ta tsuke ta ja kwalin gefe ɗaya. A garin nan kuma da iska ba ta da laima, kafin ka ce me ya bushe a karkace. Nemi gam na sanda irin na 'yan makaranta, ko ka shafa farin kaɗan-kaɗan da tsohon katin ATM har ya zama ba ka ganin farinsa. Sai ka liƙa takarda a bayan kwalin ma, ko da fara ce ba rubutu, don ja ya zo daidai ta fuska biyu. Ka danne da manyan littattafai ya kwana. Kada ka yanka sai gobe.

Kwalin taliya kuwa ka bar shi, cikinsa rami-rami ne, reza na bi ta kai yake murƙushewa. Je wajen masu bayindin na furojet ɗin ɗalibai ka ce su ba ka guntayen kwalin bango, mai ruwan toka ɗin nan. Da yawa zubarwa suke yi. In ya yi maka kauri, kwalin sukari ko na ganyen shayi biyu a liƙe ya isa.

Injiniya Arkilla: Ƙari a kan maganar Oga. Da rula ta ƙarfe da reza mai kube za ka yanka, ba almakashi ba, kuma kada ka ce sai a ja ɗaya. Ja uku ko huɗu a hankali ya fi tsabta. Fara da dogayen layuka, amma kada ka kai rezar har bakin kwalin, ka bar ɗan gefe yana riƙe da su, sannan ka juya ka yanka na kwance. In ka cire layi-layi tun farko, kowanne zai riƙa zamewa a ƙarƙashin rula.

Wane girma ka yi 'ya'yan?

Ɗan Mabera: Milimita 12. Na so su yi yawa a takarda ɗaya.

Injiniya Arkilla: Sun yi ƙanana ga yatsun manya. Kai su 15, gidajen taswira kuma 20. A4 milimita 210 ce da 297, firinta za ta ci gefe, ka ce kana da 190 da 277. Ko a 15 ɗin za ka samu layi 12 sau 18, wato 216, kai kuwa ko 40 ba ka buƙata. Taswirar za ta ba ka gidaje ɗari da 'yan kai. Kuma wajen bugawa ka duba kada kwamfuta ta rage shafin don ya dace da takarda, ka bar shi a kan 100 cif. In ba haka ba taswira ta tsuke, 'ya'yan su fi gidajensu girma.

Auta Dundaye: Yaya ni tambayata, me ya sa ba ka yi murabba'i irin na dara ko ches ba? Ai ya fi sauƙin zanawa.

Injiniya Arkilla: Auta, a murabba'i in doki ya tafi a karkace ya fi wanda ya tafi miƙe cin ƙasa, kusan ɗaya da rabi, alhali duka taku ɗaya aka lissafa musu. Mai wayo sai ya riƙa bin kusurwa kawai. Gida mai kusurwa shida maƙwabtansa shida ne, kuma nisansu duka ɗaya. Shi ya sa masu irin wannan wasa suka koma kansa.

Baba Kanwuri: Salamu alaikum. Ɗana, ni ban san gam ba, ban san kwali ba. Abin da ni ka tambaya, in anka zamna wanga wasa, wa ka ɗaukar ɓangaren Shehu, wa ka ɗaukar na Yunfa? In kau mai Yunfa ya ci fa? Sai a tashi ana dariya an kashe jama'a? Mutanen da sunka ba da jininsu ba 'ya'yan dara na ba. Ga Hubbare nan kusa da mu, kullum mutane na zuwa ziyara. Ku yara komi kunka gani ga waya sai kun kwaikwaya.

Ɗan Mabera: Allah shi ƙara girma Baba. Wallahi ba raini ba ne. Ban sa sunan Shehu a kan kowane kwali ba, ko na Malam Abdullahi da ya ja rundunar. Abin da ke rubuce kawai 'yan baka, dakaru, barade, 'yan lifidi.

Baba Kanwuri: Ko ba ka rubuta ba, kowa ya san ko su wa na.

Bagobirin Sabon Birni: Baba a yi haƙuri in sa baki, tunda rundunarmu ce fanka ke kwashewa. Mu ma kakanninmu ne a wancan ɓangaren, kuma ba a tambaye mu ba aka shafa mana ja. Ni abin bai ɓata mini rai ba. Abin da nake so in gani shi ne ko yaron ya yi adalci. Gobir ta zo da dawakai masu lifidi da taimakon Abzinawa, jama'a kuwa yawancinsu a ƙasa suke da kwari da baka, dawakinsu 'yan kaɗan. Duk wanda ya kalli rundunonin biyu da safe zai ce Yunfa ne da nasara. In wasan ya nuna yadda aka yi hakan ta juye, ya koyar da wani abu. In kuwa an ƙulla shi ne don kore ya ci kullum, to ya ajiye, ba wasa ba ne.

Malama Runjin Sambo: Baba ina wuni. Ni tarihi nake koyarwa, kuma kullum ina gaban yara ina faɗin Gudu, Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, Alkalawa, suna haddacewa don jarrabawa, mako biyu ya fita. Ka tambayi yaro me ya sa masu baka a ƙasa suka tsaya gaban masu doki, sai ya zuba maka ido. Ya san 1804, ya san Alkalawa ta faɗi a 1808, abin da ke tsakani babu. Ranar da na zana fili a allo, na ce ga tabki, ga dawakin Gobir sun danno fikafikan jama'a biyu sun cusa su tsakiya, tsakiyar ta ƙi watsewa, kibau na zuba, ku faɗa mini me mai doki zai yi, ranar ce aji ya yi ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa ba su ji ba. Abin Ɗan Mabera wannan zanen ne, sai dai yaro zai taɓa da hannunsa.

Amma ina tare da Baba a abu ɗaya. Ba zan kai shi aji da sunan wasa a bar yara su yi ta ihun "na kashe ku" ba. A ajina akwai 'ya'yan Gobirawa da na Fulani da na Kabawa a benci ɗaya.

Baba Kanwuri: Malama, ke kin san abin da ki ka yi. Majalisar samari bakin titi ni ka tsoro.

Injiniya Arkilla: Baba, asalin abin nan ma ba don nishaɗi aka ƙirƙire shi ba. Sojojin Furusiya, a Jamus ta yau, su suka fara amfani da shi wajen horo. Wani hafsa, Reisswitz, ya gyara abin da mahaifinsa ya soma, ya gabatar wa manyan soja a 1824. Taswira ta gaske, 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi, ɓangare biyu ba sa ganin shirin juna, alƙali a tsakiya shi ke faɗin abin da ya faru. Da shi suka riƙa horar da hafsoshi, kuma bayan sun ci Faransa a yaƙin 1870 sauran ƙasashe suka ɗauka. Na aljihu irin wanda yaron nan ke yi daga baya ne. A 1977 wani kamfani a Texas ta Amurka ya fara sayar da su a 'yar leda, taswira ɗaya da kwalaye kaɗan, ƙasa da dala uku.

Ustaz Minannata: Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Kuna ta maganar waye ja waye kore, ba wanda ya kula da abin da ke cikin gwangwanin. Ƙwayar ludo. Hadisin nardu, wato wasan da ake yi da jefa ƙwaya, yana cikin Muwaɗɗa, yana cikin Muslim da lafazi mai tsanani, kuma Risala da muka karanta a zaure ta faɗa ƙarara cewa wasa da nardu bai halatta ba, ta haɗa har da shaɗaranji, wato ches. Malamai da yawa suna sa duk wasan da ke tafiya da jefa ƙwaya a wannan babin, ko babu kuɗi. A kan shaɗaranji an yi saɓani tsakanin mazhabobi, a kan ƙwaya kuwa maganar ta fi nauyi. Ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Amma ka buga yaƙin jihadi da ƙwaya a Sakkwato, ka san ka tara wa kanka magana.

Auta Dundaye: Allah gafarta Malam, ai ba caca ba ce. Ƙwayar tana tsayawa ne a madadin abin da kwamanda bai iya sani ba, kamar doki ya yi tuntuɓe ko saƙo ya makara.

Ustaz Minannata: Na fahimci hikimar, ƙanena. Tambayar ita ce ko babu wata hanya sai ita.

Injiniya Arkilla: Akwai, kuma a ganina ta fi ƙwayar daɗi. Kowane ɗan wasa a buga masa ƙananan katuna shida, 1 zuwa 6. In runduna biyu suka haɗu, kowa ya zaɓi kati ɗaya ya kife, a buɗe tare, a haɗa lambar da ƙarfin da ke jikin rundunar. Wanda ya fi ya ture ɗaya baya, in ratar ta kai uku a juya kwalin wanda aka ci zuwa bayansa mai rauni. Katin da ka yi amfani da shi ba ya dawowa hannunka sai shidan sun ƙare. Ka ga babu sa'a a ciki ko kaɗan. In ka ƙona 6 ɗinka a kan ƙaramin artabu, abokin karawarka ya gani, ya san abin da ya rage maka. Sai ka ga mutum ya kife 1 da fuskar wanda ya kife 6.

Ɗan Mabera: Kai! Wannan ya warware mini wata matsalar ma. Da ƙwaya, 'yan lifidi na iya afka wa 'yan baka su jefa shida sau biyu a jere, wasa ya ƙare tun ba a fara ba. Da kati mai Gobir sai ya yi tunanin inda zai zuba ƙarfinsa.

Ustaz Minannata: Wannan ya fi kusa da dara. Saura kula da lokacin salla, don na san irinku.

Mai Fotokofi Dandima: Tunda za a riƙa juya kwali, bari in faɗa maka kafin ka ɓata tawada. Kada ka ce za ka buga gaba ka juya takarda ka buga baya su hau kan juna. Firintar gida ba ta jan takarda daidai sau biyu, sai ka samu ratar milimita ɗaya ko biyu, a abu mai milimita 15 kuwa wannan ya isa ya cinye lamba. Jera fuskar gaba a rabin shafi, ta baya a ɗaya rabin, layi a tsakiya. Ninke a kan layin, kwali a ciki, gam. Dole su hau.

Sannan firintarka mai tawada ce ko mai hoda?

Ɗan Mabera: Epson mai tanki.

Mai Fotokofi Dandima: Kalarta na da kyau kuma tana da arha, amma tawadar ba ta son ruwa. A zafin Afrilu, mutum ya ɗauki kwali da yatsa mai gumi, ja ya bi hannunsa. Kafin ka yanka ka shimfiɗa faffaɗan salatif fari a kan takardar, layi kusa da layi, ka murje da gefen rula. Taswira kuwa kada ka yi mata laminetin mai kauri, ba za ta ninku ba, in ka tilasta ta fashe a kan ninkin ta yi fari. Salatif a bayan wuraren ninki kawai ya isa. Ko ka kawo ta a buga maka da mai hoda, ita zafi ke narkar da hodar ta kama takarda, gumi ba ya yi mata komai.

Injiniya Arkilla: Amma kada ya sayi mai hoda don gida in da inbata yake aiki. Tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke. Mai tawada ko ƙaramin sola ya riƙe ta. Abin da take so kawai kada a bar ta makonni ba bugu, balle da hunturu, kan ya bushe ya toshe.

Malama Runjin Sambo: Ni roƙona a yi wanda ba ya buƙatar kala sam. In zan yi wa aji, ina buƙatar kwafi goma ko fiye, daga aljihuna. A bambanta rundunoni da fari da baƙi: ɓangare ɗaya baƙin rubutu a kan fari, ɗaya farin rubutu a kan baƙi. Tabki a yi masa layi-layi, kurmi ɗigo-ɗigo. Yara su shafa kala da kansu in suna so. Hakan ma ya kashe maganar wa aka ba ja.

Bagobirin Sabon Birni: Malama kin raba gardama, sai dai na san wa za a ba baƙin.

Auta Dundaye: Yaya ni da na ce ka ƙara abubuwa. Ka sa ruwan sama tunda farkon damina ne, ka sa abinci, ka sa raƙuman Abzinawa daban, ka yi taswira A3 har da Gudu a ciki.

Injiniya Arkilla: Auta, nan ne masu farawa ke faɗawa. Gwangwanin shi ne malaminsa. In abu bai shiga ba, ba a buƙatarsa. Dokoki kada su wuce gaba da bayan rabin takarda, rundunoni kada su wuce goma sha biyu-biyu, irin adadin 'ya'yan dara, wasa ya ƙare tsakanin La'asar da Magariba. Tambaya ɗaya wannan yaƙin ke yi: tsakiya za ta riƙe har dawaki su gaji, ko za ta watse? Duk dokar da ba ta taɓa wannan ba, a cire. Kuma Ɗan Mabera, kafin ka sake buga mai kyau, yi na banza da biro a kan takardar da aka gama da ita, ku buga da abokanka har ku gano inda ya gurgunce. Mutum in ya sha wahalar liƙi da yanka, ba ya son a ce masa lambar 'yan lifidi ta yi yawa.

Baba Kanwuri: Kun yi ta zance kun bar tawa. Ni har yanzu raina bai kwanta da Kwatto ba. In dole sai kun yi, mi ya hana ku yi yaƙin Giginya? Can Nasara na anka kara da su, ba ɗan'uwa ba.

Ɗan Mabera: Baba na yi tunaninsa. Matsalar Giginya ba a iya cin ta. 15 ga Maris 1903, sojan Turawa ba su kai dubu ba, amma sun yi sahu murabba'i da bindigogi masu jigida da igwa. Dawakin Sarkin Musulmi Attahiru ba su ma samu isa gare su ba. In na yi gaskiya a lambobi, mai riƙe Sakkwato zai sha kashi kullum. In na yi ƙarya kuma, Malama ba za ta karɓa ba.

Malama Runjin Sambo: Ba sai ka yi ƙarya ba. Canza ma'anar nasara. Mai Sakkwato ba a ce ya fasa sahun ba. A ce ya ci in ya riƙe filin juyi kaza, har Sarki da mutanensa suka fice ta gefen gabas na taswira, kamar yadda aka yi har aka kai ga yaƙin Burmi a watan Yuli. Mai Turawa kuma ya ci ne kawai in ya tare hanyar kafin lokacin, wanda ke nufin sai ya fasa sahunsa da kansa ya fito, a nan kuwa doki na da magana. Tuta ma a ba ta kwali nata, kowa ya san mutanen da suka tsaya a gindinta har suka ƙare.

Baba Kanwuri: To wagga magana ta shiga. Kakana ya ba mu labarin ranan, ba daɗi gare ta ba, amma gara yara su sani. Ku tai gidan tarihi na Waziri Junaidu ku ga sulke da lifidi da idonku kahin ku zana, kada ku ɗauko hoton dokin Turawa ga intanet ku liƙa muna.

Bagobirin Sabon Birni: Wato an sallami Gobir ke nan. Ni dai a ajiye mini kwafin Kwatto ɗaya, in kai gida mu gwada ko za a rama.

Ɗan Mabera: Kwatto na nan, ba zan yaga ba, amma ba zan saka shi a nan ba sai Baba ya gani da idonsa. Zan fara Giginya da biro. Har yanzu fa ba wanda ya ba ni maganin fanka.

Mai Fotokofi Dandima: Kwalin bayindin na da nauyi, rabin matsalar ta tafi. Sauran, ka samu farantin ƙarfe na shayi ka ɗora taswira, ka liƙa ɗan maganaɗisu na roba a ƙarƙashin kowane kwali, irin wanda ke bayan kalandar da ake mannawa a firji, almakashi na yanka shi. Sai dai in ka yi haka ba za ka iya juya kwalin ba.

Injiniya Arkilla: Sai ya bar juyawa, ya riƙa karkata kwalin gefe in runduna ta raunana. Ko a bar maganaɗisu, a rage fanka. Don ajiya kuma ka karɓi 'yan ledojin magani masu zif a kemis, ɓangare ɗaya leda ɗaya, in ba haka ba kullum sai kun ɓata lokaci kuna tsince.

Auta Dundaye: A rage fanka a Sakkwato? Injiniya kai dai kana da na'urar sanyi a ofis.

Malama Runjin Sambo: Ɗan Mabera in ka gama na biron ka turo hoton dokokin kawai, zan gwada da 'yan aji biyar ranar Alhamis. Kuma ka rubuta da Hausa, ba da Turanci ba.

Ɗan Mabera: In sha Allah Malama. Tambaya ta ƙarshe kafin in zauna: bindiga mai jigida gida nawa za ta kai? Na sa huɗu, kibiya ɗaya.

Injiniya Arkilla: Huɗu ya yi kaɗan in kibiya ɗaya ce. Fara da faɗin gida ɗaya taku nawa ne a ƙasa, sauran lissafin zai biyo.

Bagobirin Sabon Birni: A Kwatto biyu ka ba kibiya, na gani a hoton. Da aka zo kan Turawa ta koma ɗaya?

Ɗan Mabera: Filin ne ba girmansu ɗaya ba, Yaya. Bari a kawo wuta in auna, in turo muku.